Ba Kowane Ciwon Baya Ne Tsufa Ba

A Kaduna, idan dattijo ya dafe ƙugu ya ce bayansa na ciwo, hukuncin da za a yanke masa daga cikin gida har zuwa kemis ba ya wuce biyu: ko a ce tsufa ne, ko a ce basir ne. In mace ce a ƙara da sanyi. Sai a ƙulla masa ƙwayoyi kala huɗu a leda, ko a sayo masa gorar jiƙo wajen masu lasifika a bakin kasuwa, a ce Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ya sa wannan ɗabi'a ta zauna da gindinta shi ne yawanci sauƙin yana zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙasan baya ba a danganta shi da wata cuta takamaimiya, kuma akasarinsa yakan lafa da kansa cikin makonni. Rigimata da masu cewa tsufa ne tana kan sauran kashi goman, domin a cikinsu ake samun wanda zai rasa ƙafafunsa, ko ya ƙare rayuwarsa da robar fitsari, alhali tambayoyi na minti biyu sun isa su ware shi daga taron.

Ƙashin baya na wajen ƙugu gaɓoɓi biyar ne a jere, likitoci suna lissafa su daga L1 zuwa L5. Tsakanin kowace gaɓa da ta ƙasanta akwai faifan guringuntsi, gefensa da tauri, tsakiyarsa da laushi, shi ke shanye nauyi da girgiza. Lakar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ba ta kai har ƙarshen baya ba, takan tsaya wajen gaɓa ta farko ko ta biyu. Daga nan sai jijiyoyi su zubo ƙasa a tare kamar jelar doki, su rarrabu zuwa ƙafafu, mafitsara, dubura da al'aura. Duk wanda ya riƙe wannan bayani zai gane dalilin da likita mai duba baya yake tambayar fitsari, tambayar da mutane da yawa ke ɗauka shisshigi ne.

Tsufa yana da nasa aikin, kuma yana yinsa a hankali. Faifan yana bushewa, yana raguwa, ƙananan mahaɗan baya suna yin kaushi. Mai irin wannan ciwo yakan tashi sallar asuba a sandare, amma kafin ya gama alwala ya taka zuwa masallaci jikin ya fara saki. Ciwon yana ƙaruwa da aiki, yana raguwa da hutu, yau ya matsa, jibi ya ɗaga. Yana cin abincinsa, bai rame ba, ƙafafunsa na ɗaukarsa, yana barci in ya sami kwanciyar da ta yi masa. Wannan shi ne ciwon ɗan dakon da ya shekara ashirin yana saɓa buhun siminti mai kilo 50, da mai Keke Napep da ke wuni a zaune yana shan ramuka daga Rigasa zuwa cikin gari, da uwar da ta yi goyo takwas tana shara da gajeriyar tsintsiya.

A nan ma akwai wani kuskuren, na masu hali. Da zarar baya ya motsa sai a garzaya a yi hoton MRI, wato hoton na'ura mai nuna faifai da jijiyoyin cikin baya, a dawo da takarda cike da kalmomi masu ban tsoro, mutum ya daina ruku'u, ya daina ɗaukar jikansa. Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai, ya gano alamar lalacewar faifai a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 cikin 100 na 'yan shekara 80. Wato in ka ɗauki dattawan sahun farko na kowane masallaci a Tudun Wada ka saka su a na'urar, kusan dukkansu za a ga wani abu. Hoto ba ya faɗin wanda ke cikin haɗari sai an haɗa shi da abin da mutum ke ji da abin da hannun likita ya gano. Don haka ba ina kiran kowa ya je ya yi hoto ba ne. Ina kira a san wanda ya kamata ya je, da kuma saurin da ya kamata a kai shi.

Mafi gaggawa shi ne matsewar jijiyoyin nan na ƙasa gaba ɗayansu. Yakan faru idan babban ɓangare na faifai ya fashe ya faɗa cikin ramin da suke bi, ko ƙari ko ruwan mugunya ya danne su. Alamarsa ta farko sau da yawa a bayan gida take bayyana. Mutum ya zo tsarki, ya zuba ruwa, sai ya ji kamar ba jikinsa yake wankewa ba: tsakanin cinyoyi, kewayen dubura da al'aura sun sage, ba ya bambance ruwan sanyi da na ɗumi. Fitsari kuma ya canja. Ya daina jin mararsa ta cika, ko ya tsuguna ya yi ta yunƙuri ba ya fita, ko ya fita bai ji fitarsa ba. Daga baya sai ya ga wandonsa a jiƙe bai san lokacin da ya zubo ba, wanda ke nufin mafitsara ta cika ta batse. Wani bayan gida ne zai kufce masa, wani kuma gabansa ne zai daina motsi kwatsam, ga ciwo ko rauni a ƙafafu biyu a lokaci guda.

Wannan ba ciwon a bari a ga gobe ba ne. Ana so a yi hoton MRI a ranar, a yi tiyatar sassauta jijiyoyin cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma gwargwadon saurin yi gwargwadon abin da za a ceto. Wanda aka yi wa aiki yana da sauran ikon fitsarinsa ya fi wanda aka kai bayan mafitsara ta mutu samun warkewa nesa ba kusa ba. Jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta dawo ba ko da an cire abin da ya danne ta. Mai wannan alama wurinsa sashen gaggawa na babban asibiti, irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Asibitin Sojoji na 44, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kuma in an isa, kada a tsaya a kan "bayansa ke ciwo", domin da wannan kalma za a ajiye shi a layi. A faɗi abin yadda yake: tun jiya ba ya iya fitsari, kuma ba ya jin tsarki.

Babban abin da ke cin mutane a nan kunya ce. Dattijo ba zai gaya wa 'yarsa cewa fitsari na zubo masa ba, sai dai ta lura ya daina zuwa jam'i, yana yawan canja wando, ɗakinsa ya fara zarni. Hajiya ba za ta gaya wa surukinta ba, ko da shi ne mai biyan kuɗin asibiti. Saboda haka nauyin yana kan mai tambaya. Babban ɗa ya keɓe da mahaifinsa ya ce, "Baba, fitsari yana fita yadda ya saba? In kun zo tsarki kuna jin ruwan?" Mace ta tambayi mace. Wanda aka tambaya kai tsaye cikin ladabi yakan amsa, amma da wuya ya fara da kansa. Wani tarkon kuma, namijin da ya haura hamsin in fitsarinsa ya ɗauke, kowa zai ce kumburin furostet ne, wato ƙullun da ke ƙasan mafitsarar namiji, a saka masa roba a sallame shi. Sau da yawa hakan ne. Amma in ɗaukewar fitsarin ta zo tare da ciwon baya da sagewa ko raunin ƙafa, robar ta magance mafitsara ne kawai, abin da ya jawo yana nan yana ci.

Ƙasa da wannan a gaggawa akwai ciwon da ke harbawa daga ɗuwawu ya bi bayan cinya ya wuce gwiwa har tafin ƙafa, a gefe ɗaya. Yawanci faifai ne ya turo ya taɓa jijiya guda, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na irinsa a gaɓoɓi biyu na ƙarshe yake faruwa. Tari da atishawa suna tayar da shi, zama mai tsawo da sunkuyo suna ƙara shi. Azabarsa takan sa babba kuka, amma zafin ciwo ba shi ne ma'aunin haɗari ba: mafi yawansa yana sauka cikin makonni 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ba. Abin da ake sa wa ido shi ne ƙarfin ƙafa, kuma ana iya gwada shi a tsakar gida. Mutum ya dafa bango ya yi taku goma a kan dunduniya, yatsu a sama. Sannan ya yi taku goma a kan yatsu. Sannan ya zauna, wani ya danna babban yatsan ƙafarsa ƙasa shi kuma yana ɗagawa, a kwatanta dama da hagu. In gaban ƙafa ɗaya yana faɗuwa, ko silifas yana zame masa ba ya sani, ko yana tuntuɓe da bakin tabarma, ko takunsa yana ba da sautin faf-faf a siminti, jijiyar ta fara gazawa. Wannan na buƙatar likita cikin kwanaki kaɗan, kuma in raunin yana ƙaruwa daga safiya zuwa yamma, a ranar.

(A nan ya kamata a ambaci allurar ɗuwawu. Babbar jijiyar ƙafa ta ratsa ta tsakiyar ɗuwawu ne zuwa ƙasa, shi ya sa ake yin allura a ɓangaren sama na waje. Hannun da bai ƙware ba yakan soke ta, mutum ya shiga da ciwon baya ya fito yana jan ƙafa. Allurar maganin ciwo na diclofenac ba ta fi ƙwayarsa wani amfanin da ya kai a ɗauki wannan kasada ba.)

Akwai kuma wanda ya fi kowanne kama da tsufa, domin tsufan ne ke kawo shi: ƙuntatar ramin jijiyoyi. Dattijo zai ce da yana takawa daga Unguwar Sanusi zuwa Kasuwar Barci ba ya tsayawa, yanzu in ya yi tafiyar minti biyar ƙafafunsa sun yi nauyi, sun sage, sai ya nemi dakali. Da ya zauna minti biyu sai su dawo. Tsayuwar tarawihi tana gagararsa amma ruku'u yana yi masa daɗi, yana iya tuƙa keke mai nisa alhali ba ya iya takawa, domin sunkuyawa gaba tana ƙara faɗin ramin, miƙewa tana rage shi. Wannan ba na gudu zuwa asibiti da dare ba ne, amma yana da magani, daga gashi da motsa jiki har zuwa tiyata ga wanda tafiyarsa ta taƙaita ƙwarai. Sai dai a bambance shi da toshewar hanyoyin jini na ƙafa, wanda ke kama masu ciwon suga da mashaya taba: shi wannan a sha-raɓa yake kamawa, tsayawa cik ma tana sauke shi ba sai an zauna ba, ƙafar takan yi sanyi, ba a jin bugun jini a bayanta. Mai suga da ke jin zafi ko tafiyar kiyashi a tafukan ƙafa biyu daidai wa daida, musamman da dare, shi kuma sugan ne ya fara cin ƙananan jijiyoyi, ba bayan ba.

Rukunin da na fi ganin ana zalunta da kalmar tsufa shi ne na masu ciwon da ba ya jin kwanciya. Ciwon gajiya da na lalacewar gaɓa yana sauka in an miƙe a katifa. Wanda ke tada mutum ƙarfe biyun dare, ba ya canjawa ko ta wane gefe aka juya, yana ƙaruwa mako bayan mako, ga rama, ga rashin cin abinci, ga zazzaɓin yamma ko gumin dare, wannan wani abu ne ke cin ƙashin. A ƙasarmu abu na farko da za a zarga shi ne tarin fuka. Mutane sun ɗauka sai da tari ake yin tibi, alhali ƙwayar takan bi jini ta sauka a ƙashin baya, mutum bai taɓa yin tari ko sau ɗaya ba. Tun 1779 wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana shi, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi fama da tarin fuka a duniya. Yana cin gaban gaɓa har ta rufta, sai wani ƙullutu mai tsini ya fito a gadon baya, daga nan ƙafafu su fara rauni. In aka shafa tsakiyar baya da yatsa daga sama zuwa ƙasa za a ji wurin, in aka ƙwanƙwasa a hankali mutum zai zabura. Abin takaicin shi ne maganinsa kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, ana shansa kimanin shekara guda, kuma wanda aka kama da wuri yakan warke sarai. Cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa ma a jiharmu take, a Saye kusa da Zariya. Amma sai mutum ya shafe wata takwas ana yi masa maganin sammu, a kawo shi a kan tabarma.

Na biyu kansa ce, wato ciwon daji. Kansar furostet a maza da kansar nono a mata suna yawan sauka a ƙashin baya. Duk macen da aka taɓa yi wa maganin kansar nono, ko da shekara goma ta wuce, in sabon ciwon baya ya same ta a koma wurin likitan da ya san tarihinta. Namiji mai shekara hamsin zuwa sama da ke da ciwon dare da rama, gwajin jini na PSA da duba furostet suna cikin abin da za a fara yi. Masu ɗauke da HIV, masu suga, da masu sikila sun fi saurin kamuwa da ƙwayar cuta a ƙashi, don haka zazzaɓi da ciwon baya a jikinsu ba a sallamarsa da maganin maleriya kawai.

Tsohuwar da ta zame a banɗaki, ko ta ɗaga bokitin ruwa ta ji ƙas a bayanta, ta kasa miƙewa, mai yiwuwa gaɓa ce ta rufta saboda ƙashi ya yi rauni bayan ɗaukewar al'ada. Haɗarin ya ninka ga masu shan dexamethasone ko prednisolone ba bisa ƙa'ida ba, ko don ƙiba ko don "sanyin ƙashi", kuma sau da yawa suna cikin haɗin da ake ƙulla wa mutane ba tare da sun sani ba. Hoton ƙashi na yau da kullum ya isa ya nuna wannan karaya, kuma kuɗinsa bai kai na MRI ko kusa ba. Abin da ba a yi shi ne a kai ta wurin mai ɗori ya taka ko ya murɗa. Masu ɗori suna da sana'arsu kuma jama'a sun yarda da su, amma ƙashin baya ba sangalin hannu ba ne, jijiyoyi ne a cikinsa. Ƙaho da hijama kuwa, wanda ya ji daɗinsu a kan ciwon gajiya babu mai hana shi in kayan aikin na da tsabta. Laifinsu kawai lokacin da suke cinyewa ga wanda jijiyarsa ke mutuwa.

Haɗin kemis ya cancanci a tsaya a kansa. A leda ɗaya za ka ga diclofenac, ibuprofen da piroxicam, dukkansu dangi ɗaya ne, aikinsu ɗaya, illarsu ɗaya. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, yana ninka ɓarnar da suke yi wa ciki da ƙoda. Dattijo mai hawan jini ko suga da ya yi wata uku a kan wannan haɗi yana iya ƙarewa da baƙin bayan gida, alamar jini na zuba a ciki, ko kumburin ƙafa da fuska. In za a sha, a sha guda ɗaya, bayan cin abinci, na kwanaki kaɗan. Ibuprofen kada ya wuce miligiram 1,200 a yini sai da umarnin likita, farasitamol kada ya wuce giram 4. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ya nisanci dangin ibuprofen sai likita ya ce. Tramadol kuwa Kaduna ta riga ta san abin da ya yi wa matasanta.

Ciwon baya na yau da kullum bai buƙaci yawancin wannan ba. Kwanciya fiye da kwana ɗaya ko biyu tana ƙara sandarewa. A ci gaba da takawa gwargwadon iko, a ɗora tsumma mai ɗumi minti 15 zuwa 20, a yi sallah a zaune in ruku'u ya gagara, addini ya ba da wannan sauƙi. In za a ɗaga jarka mai lita 25, a tsuguna da gwiwa a jawo ta kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. In mako shida ya wuce babu canji, a nemi sashen gashi, wato likitocin fisiyo, waɗanda aikinsu ke nan kuma mutane ba su cika sanin suna nan ba.

Abin da nake ganin ya rataya a wuyan hukuma ba gini ba ne. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, an kuma yi aikin samar da cibiyar lafiya a matakin farko a kowace mazaɓa. Mai ciwon baya a can yake fara zuwa, ko kemis ɗin layinsu, ba wurin likitan ƙashi ba. Ma'aikacin da ke zaune a wannan teburi ba ya buƙatar na'ura kafin ya tambayi fitsari da tsarki, ya tambayi ciwon dare da rama da zazzaɓi, ya tambayi faɗuwa ko tarihin ciwon daji, ya sa mutum ya taka a kan dunduniya. A koya musu wannan, a rubuta shi da Hausa a manna a bango yadda aka yi da alamomin haɗarin naƙuda, a kuma ba su takardar turawa da babban asibiti zai girmama, don kada wanda aka turo da ɗaukewar fitsari a ba shi ranar ganin likita bayan wata biyu. Masu shagon magani ma a saka su cikin horon, tunda su ne ke ganin mutane goma kafin asibiti ya ga ɗaya. Sannan hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ta duba yadda hoton MRI na gaggawa zai shiga cikin abin da take ɗauka ga mai waɗannan alamomi, domin kwana biyun da tiyata ke da amfani a cikinsu, su ne kwana biyun da dangi ke ɓatawa suna kiran 'yan uwa a waya ana haɗa kuɗin hoto.